Babi na Shida: Bawul a Lungun Bango

Duk wanda ya shiga tsohon gidan haya a birnin Niyu Yok, irin benayen jan bulon nan da aka gina daga wajen 1900 zuwa 1930, zai tarar da abu guda a kusan kowane ɗaki: wani jibgegen ƙarfen zubi mai haƙarƙari, tsaye bisa gajerun ƙafafu a ƙarƙashin taga. Lagireton ɗumama ɗaki ke nan. Ba a banza aka kai shi gindin taga ba. Ta nan sanyi yake kwararowa, iska mai sanyi kuwa nauyi gare ta, ƙasa take bi, shi ya sa aka tare ta tun daga mashiga da zafin da zai ɗaga ta sama. Bututun da ke kawo tururi shi ma bangon waje yake bi, yana hawa daga bene zuwa bene ta kusurwa, inda ba zai tare wa kowa hanya ba. A inda bututun ya ɓullo daga daɓen katako ya sadu da lagireto, nan bawul yake zaune. Dunƙulen tagulla ne da tafin hannu zai rufe. Tsakaninsa da bango yatsu uku ko huɗu, tsakaninsa da daɓe ma bai wuce haka ba.

Wanda ya zana ginin ya yi tunanin ɗan haya, ya yi tunanin hunturu, ya yi tunanin inda za a sa gado. Bai yi tunanin mutumin da zai zo bayan shekara ɗari ya durƙusa a wannan lungu da sifana mai tsawon kamu guda ba. Waɗanda suka zo daga baya kuma suka ƙara matse wurin. Wannan ya shimfiɗa sabon katako a kan tsohon daɓe, wancan ya ɗora tayil a kai, har wuyan bututun ya nutse. Wani ya yi wa lagireton akwatin ado ya kafe shi da ƙusa a bango. A ɗakin girki an gina kabad ya rungume shi ta gefe biyu. A banɗaki sau da yawa yana tsakanin bahon wanka da bango, inda kafaɗar babban mutum ba ta shiga sai a karkace.

Kafin a taɓa noti ko ɗaya, sai an san abin da ke wucewa ta cikin wannan tagulla. Tukunyar da ke dafa ruwan tana can ƙarƙashin ƙasa. Ruwa ya tafasa ya zama tururi, ya kumbura kusan ninki 1,700, ya kama hanyar sama da kansa, babu injin da ke tura shi. Idan ya isa lagireto mai sanyi sai ya koma ruwa, a wannan komawar ce kuma yake sakin abin da ya ɗauko. Zafin da kilo ɗaya na tururi ke saki a lokacin ya ninka fiye da sau biyar wanda ake bukata don a kai kilo ɗaya na ruwa daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Matsin kuwa ɗan kaɗan ne. Gidan da aka saita daidai ba ya neman fiye da fam 2 a kan kowane murabba'in inci, alhali tayar ƙaramar mota tana ɗaukar 30 ko fiye.

A mafi yawan waɗannan gidaje bututu ɗaya ne tal yake zuwa kowane lagireto. Ta cikinsa tururi ke hawa, ta cikinsa kuma ruwan da ya tsatsafo ke gangarowa ya koma tukunya, tururi a sama, ruwa a ƙasa, suna gilma juna a rami guda. Iskar da ta cika lagireton tun yana sanyi tana fita ta wata 'yar mafita da ke ɗaya gefen, wadda ke rufe kanta da zarar zafin tururi ya taɓa ta. Daga nan za a gane abin da ya sa bututun yake da kauri haka, inci ɗaya, ko ɗaya da kwata, ko ɗaya da rabi, da kuma abin da ya sa bawul ɗin bai san tsaka-tsaki ba. Ko a buɗe shi gaba ɗaya, ko a rufe shi ruf.

Matsalar ita ce hannun mutum bai yarda da wannan doka ba. Abu ne mai mamurɗi a kai, kowa kuwa ya san famfo: ka murɗa kaɗan, ruwa ya ragu. Ga ɗakin ya yi zafi kamar me, domin lagiretocin wancan zamani an yi su ne da gangan fiye da bukata. Bayan annobar murar 1918 likitoci da hukumomin lafiya suka dage a riƙa barin taga a buɗe ko da hunturu, injiniyoyi kuma suka riƙa auna ɗumama yadda za ta wadatar a ranar da ta fi kowace sanyi, taga na buɗe. Yau tagogin sababbi ne masu gilashi biyu, kuma a rufe suke. Mutanenmu da ke zaune a Bronx da Harlem, 'yan Kumasi da Akara da Yamai da Kano, sun san wannan zafi, ga ƙanƙara a waje ga mutum da singileti a ɗaki. To sai ɗan haya ya miƙa hannu ya rage bawul zuwa rabi. Tururi yana ci gaba da kutsawa ta ɗan ramin da ya rage, ruwan da ke son fita ya rasa hanya, ya taru a gindin lagireto. Tururin da ya shigo ya faɗa cikin ruwa mai sanyi, ya shanye nan take, ya bar gurbi, ruwan ya ruga ya cike gurbin ya daki ƙarfe. Wannan ita ce bugun gudumar da ke tashin mutane da asuba. Bayan ta sai tsartuwar ruwa ta mafitar iska, sai tabo a silin ɗin maƙwabcin ƙasa, sai a kira mai kula da gini, wanda kowa ke ce wa supa.

A ganina, hukunci na farko da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne ko a canza bawul ɗin ma ko a bar shi. Yawancin yoyon da ake gani daga saman bawul yake fitowa, inda sandar mamurɗi ta shiga jiki. A nan akwai ƙaramin noti da ke danne wata igiyar toshiya da aka naɗe a jikin sandar. Shekaru sun busar da ita. Sau da yawa a ƙara wa notin kwata na zagaye ya isa. In bai isa ba, a kwance shi, a tone tsohuwar igiyar, a naɗa sabuwa mai baƙin garafayit, a mayar. Aikin minti goma sha biyar ne, kuma tsohon bawul ɗin da aka zuba da tagulla mai kauri yakan fi sabon da ke kanti inganci. Wanda ya ga ɗigon ruwa ya ce sai an cire komai, shi ne Bahaushe ya ce garin neman gira ya rasa ido. Amma akwai ranar da babu makawa: jikin ya tsage, ko sandar ta karye, ko faifan da ke rufe ramin ya cire ya faɗa kan mazauninsa ya toshe hanya. Ranar ce ake shiga lungu da gaske.

Bawul ɗin yana da mahaɗa uku, kowace da yadda take riƙe tururi. Ta ƙasa, an ɗaura shi a kan bututun ƙarfe da tiredi, wato zanen nan mai zagaye da ake yankewa a bakin bututu. Ta gefe, akwai wani ɗan wuya na tagulla da aka ɗaura cikin lagireto, shi ma da tiredi. Tsakanin ɗan wuyan da bawul kuwa babu tiredin da ke toshe komai. Fuska biyu ne da aka goge a masana'anta, ɗaya mai tudu ɗaya mai kwari, babban noti ya jawo su ya haɗa, tagulla ta zauna a kan tagulla. Ba roba, ba manne. Saboda haka bawul da ɗan wuyansa tare ake sayar da su, tare kuma ake sa su. Kowane kamfani da irin gugar fuskarsa. Malalaci yakan so ya bar tsohon ɗan wuya a wurinsa ya ɗaura sabon bawul a kai, don ya san wahalar da ke cikin cire shi. Notin ma yana iya kamawa. Da tururi ya zo sai ya nuna masa ƙaryarsa.

Babu inda ake tsayar da tururi a hawa ɗaya kaɗai. Bawul ɗin da za a cire shi ne makullin, bayansa babu wani sai tukunya. Dole a kashe ginin baki ɗaya, a jira bututu ya huce, a kuma tabbatar wani bai je ya kunna ba, shi ya sa mai hankali yake rataye takarda a jikin makunnin, ko ya sa masa kwaɗo. Ga doka kuma a tsaye. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, dokar birnin ta wajabta wa mai gida ya riƙe zafin ɗaki a digiri 20 na ma'aunin Salsiyas da rana muddin waje ya yi ƙasa da kimanin 13, da dare kuma kada ya gaza kimanin 17. Ɗan haya yana da lambar kai ƙara ta birnin, 311, a wayarsa, kuma ya san amfaninta. Kowa a sana'ar zai gaya maka lokacin wannan aiki watan Yuli ne, sa'ad da tukunya ke hutu. Sai dai yoyon tururi ba ya bayyana a watan Yuli. A Janairu yake bayyana, ma'aikaci na durƙushe, iyalai arba'in na jin sanyi yana shigowa, supa na tsaye a kansa yana duba agogo.

Babban noti shi ake fara kwancewa, kuma tun a nan lungun yake fara wasa da hankali. Notin a jikin ɗan wuya yake rataye, a kan bawul yake ɗauruwa. Ma'aikaci kuwa ta gefen bawul yake durƙusawa, don ta can gefen lagireto ya tare. Ke nan ta baya yake kallon notin, abin da hannunsa ya saba da shi a matsayin kwancewa, a nan ɗaurewa ne. An sha ganin ƙato ya dage iya ƙarfinsa yana ƙara tamke abin da ya zo kwancewa, har tagullar ta tsage. Bayan noti ya saki sai a matsar da lagireton gefe kamar faɗin tafi. Faɗinsa ya fi yinsa sauƙi. Matsakaicinsa ya haura kilo 100, manyan suna ninka haka, ƙafafunsa kuma sun tona wa kansu 'yan ramuka a katako saboda shekara da shekaru na miƙewa da tsukewa. Da dogon katako ake banƙara shi, a sa tsumma ko kwali a ƙarƙashin ƙafa, a tura a hankali. Bokiti da tsumma su kasance kusa, domin baƙin ruwan da ya kwana a gindinsa ba ya fita daga kafet.

Sai a zo ga bawul da bututu, a nan ne kuma ainihin sana'ar take. Sifanar bututu da ake aiki da ita har yau, mai muƙamuƙi mai haƙora da ke ƙara cizo gwargwadon yadda aka ja ta, Daniel Stillson ne ya ƙirƙiro ta, ma'aikacin kamfanin Walworth a yankin Boston, ya sami rajistarta a 1869. Ƙarfinta a tsawon hannunta yake. Mai inci 24, kimanin santimita 60, tana kwance abin da mai inci 14 ba za ta motsa ba. Amma tsawon hannu fili yake so, fili kuwa shi ne babu. Ka kafa ta, ka ja ta faɗin yatsu huɗu, ta daki bango. Ka cire, ka sake kafawa, ka ga kusurwar da kake so ƙafar lagireto ta tare. Akwai sifana mai karkataccen kai, akwai mai sarƙa da ke zagaye bututu inda muƙamuƙi ba ya shiga, kuma duk suna taimakawa. Ba su warware babbar matsalar ba dai.

Babbar matsalar ba a ganinta. Ɗan guntun bututun da ya leƙo daga daɓe, a ƙarƙashin katako ɗaure yake cikin wata gwiwa ta ƙarfen zubi, gwiwar na ɗaure da wani bututu da ke kwance tsakanin daɓen nan da silin ɗin maƙwabcin ƙasa, shi kuma yana komawa ga babban bututun da ke cikin bango. Duk ƙarfin da aka sa wa bawul, idan ba a tare shi ba, can yake tafiya. Tiredi biyu ne a kan guntun bututun, na sama da na ƙasa, kuma ƙarfi ba ya zaɓe, wanda ya fi rauni shi yake saki. In na ƙasa ya motsa ko da kaɗan, an karya hatimin da ya shekara ɗari yana riƙe, a wurin da hannu ba ya kaiwa. In tsatsa ta riga ta cinye gindin tiredin, bututun ya karye a cikin gwiwa. Aikin awa biyu ya koma na fasa silin ɗin mutane, da mai filasta, da mai fenti, da kwana uku ana cacar baki kan wa zai biya.

Maganin shi ne sifana biyu. Ɗaya ta kama bututu ta riƙe, ɗaya ta kama bawul ta juya, haƙoransu na fuskantar juna. Gwanaye suna kafa su yadda hannayen biyu za su yi kusa, 'yar tazara kaɗan a tsakani, sannan su matse su wuri guda da tafukan hannu, ko su sa gwiwar ƙafa a kan ɗaya. Ta haka ƙarfin yana zagayawa tsakanin sifanonin biyu, ba abin da ke sauka ƙarƙashin daɓe. Amma sifana ta biyu tana bukatar inda za ta ciza, sabon tayil kuwa wani lokaci bai bar ko faɗin yatsa na bututu a waje ba. Akwai kuma bututun da nauyinsa a kan bawul yake rataye, da an cire bawul sai ya sulale cikin rami ya ɓace. Wanda ya taɓa gani ba ya sake cire bawul sai ya ɗaure wuyan bututun da waya ko matsi tukuna.

Tsofaffin ma'aikata da wani haɗi na gubar dalma da man linsid suke shafa tiredi, abin da kan daskare ya zama kamar dutse. Wuta tana taimakawa, domin tagulla ta fi baƙin ƙarfe saurin buɗewa da zafi. Amma harshen wuta a yatsu uku daga busasshen katakon da ya shekara ɗari, da ƙura da tsummokaran da suka taru a ramin daɓe, ba abin wasa ba ne. Ɗan koyo idan abu ya ƙi, dogon bututu yake nema ya zura a hannun sifana ya ƙara tsawo. Ogansa yakan karɓe bututun ya miƙa masa zarto.

Dalilin a fili yake in an yi lissafi. Bawul ɗin da ake kokawa da shi bola za shi. Tiredin da ke kan bututu da wanda ke cikin lagireto su ne ba a sayarwa a kanti. To me zai sa a yi cacar abin da ba a iya mayarwa don a fitar da abin jefarwa lafiya lau? Sai a yanka tagullar. Da zarton ƙarfe ko ƙaramar giranda ake tsaga gindin bawul daga sama zuwa ƙasa, a hankali, ana tsayawa ana haskawa da tocila, har a fara ganin inuwar tiredin ƙarfe a ƙasan yankan. Nan ake dakatawa. A sa bakin cizal a tsagar, a ɗan buga, tagullar ta buɗe baki, sai ka ga abin da ya gagari sifana mai inci 24 yana juyawa da hannu. Ba ƙarfin da ya sauka ƙasa. Dan Holohan, wanda littafinsa na 1992, The Lost Art of Steam Heating, ya zama abin dogaron masu wannan sana'a, yakan kira waɗanda suka kafa bututun nan da matattun mutane, yana nufin sun tafi da iliminsu, sai dai a karanta shi a jikin aikin da suka bari. Ina ganin rabin karatun nan shi ne gane abin da suka bari wanda za a iya lalatawa, da wanda ba za a taɓa ba.

Ɗan wuya ya fi bawul taurin kai. A waje sumul yake, ba inda sifana za ta kama, ga noti na rataye a kansa. A cikin raminsa akwai 'yan kunnuwa biyu, akwai kuma makulli na musamman, sandar ƙarfe mai hawa-hawa da tsagi biyu, da ake zurawa ya kama kunnuwan a juya. Wajen ɗaura sabo makullin nan ba shi da na biyu. Wajen cire tsoho kuwa, sau da yawa da an ja sai a ji ƙas, kunnuwan sun guntule, makullin na juyawa a banza. Ba wanda ya daɗe a aikin da yake mamakin wannan. Wasu sukan yanke notin su jefar, su cusa guntun ƙarfe cikin ramin don kada ya lotse, su kama ɗan wuyan da sifana ta waje. In ya ƙi, a koma ga zarto. A datse shi saura kaɗan a bakin lagireto, a cusa tsumma ciki don kada garin tagulla ya shige, a zare ruwan zarton daga firam ɗinsa a naɗe gindinsa da tef, a zura cikin rami a yi ta yanka daga ciki zuwa waje. Yanka biyu, tazarar yatsa ɗaya. Mutum na kwance a gefensa, kunci kusa da daɓe, zarton na tafiyar da ba ta fi inci biyu ba a kowane ja. Kunne ne ke aiki a nan fiye da ido, domin kukan zarto a tagulla daban yake da kukansa idan ya taɓa ƙarfen zubi. Da sautin ya sauya, a tsaya. A buge 'yar tsakiyar da siririn cizal ta faɗo, a lanƙwasa sauran zuwa ciki, ya fito. Ɗan ƙwarzane guda a tiredin lagireto ba ya kashe aiki, man toshiya zai cike shi tunda matsin kaɗan ne. Yanka mai zurfi kuwa ya kashe.

Ɗaura sabo yana da nasa tarkon. Tiredin bututun Amurka tsukakke ne, yana ƙara kauri da kashi 1 cikin 16 yayin da ake shiga, don haka kowane zagaye ya fi na baya tauri. Bawul kuwa dole bakinsa ya ƙare yana kallon lagireto daidai. In ya yi tauri bakinsa na kallon bango, sai a ƙarasa da shi gaba. In an wuce, ba a komawa baya, komawa baya yoyo ne. Sai dai a ƙara cikakken zagaye in zai yarda, ko a kwance a sake naɗa farin tef a faro daga farko. Bututu mai inci ɗaya da kwata yana da zane 11 da rabi a kowane inci, ke nan kowane zagaye yana sauke bawul da milimita biyu da 'yan kai. Wannan ɗan abu yana da muhimmanci, domin bawulolin yau galibi sun fi na da gajarta, sai a gama a ga bakin bawul yana ƙasa da ɗan wuya. In an yi sa'a bututun yana da ɗan wasa, a ɗago shi. In babu, sai a nemi ƙarin guntun mahaɗi. Abin da ba a yi shi ne a bar fuskokin biyu a karkace a ce babban noti zai jawo su. Notin tagulla ne, aikinsa riƙewa. Idan ba ya shiga zagaye biyu ko uku da yatsu kawai, lagireton ne bai zauna daidai ba, shi za a gyara. A fuskokin kuma ba a sa tef.

Saura karkata. Tunda ta bawul ruwa zai fita, dole lagireton ya ɗan sunkuya wajensa. Tsofaffin gidaje sun lotsa, da yawa sun juya karkatar ta koma baya. A ɗora lebur a kai, a ɗaga ƙafafun can gefen, a cusa 'yan kwabbai ko ɓallin katako, kaɗan dai, yadda ɗigon lebur zai ɗan gota.

Akwai abubuwan da ba a gani a lungun da suka fi yankan zarto illa. Fentin da ke ɓarewa daga lagireto da bangon bayansa, in gidan ya girmi 1978, shekarar da Amurka ta hana fentin dalma a gidaje, ana ɗaukarsa mai guba ne har sai gwaji ya nuna akasin haka, giranda kuwa tana mai da shi ƙurar da yaro mai rarrafe zai shaƙa. Farin abin da aka naɗe bututu da shi a ƙarƙashin daɓe yana iya zama asbestos, wanda ba a taɓawa sai masu lasisi. Tururin kansa, duk da ƙarancin matsinsa, yana kisa. A Disamban 2016, a unguwar Hunts Point ta Bronx, wasu yara mata biyu, ya da ƙanwa, 'yar shekara biyu da 'yar shekara ɗaya, sun rasu bayan wani bawul ya fice daga lagireton ɗakin da suke, tururi ya cika ɗakin. Ƙungiyar ma'aikatan bututun tururi ta birnin, reshe na 638, shekara biyar take koyar da yaro kafin ta sallame shi. Amma kaso mai yawa na irin wannan ƙaramin aiki ba su ke yin sa ba. Supa ne yake yi, ko wani ɗan gyare-gyare da mai gida ya samo da araha, da sifana ɗaya a jaka.

Ga ɗan hayan da zafi ya dama, akwai mafita da ba ta bukatar taɓa wannan bawul. Ana sa wata 'yar na'ura mai jin zafin ɗaki a gurbin mafitar iska. Idan ɗaki ya ɗumama sai ta hana iska fita, iskar ta tare tururi, lagireton ya tsaya a rabin zafi, bawul na buɗe gaba ɗaya yadda aka yi shi ya zauna. Kuɗinta bai kai na gyaran silin ɗaya ba, amma har yau gidajen da ba su da ita sun fi yawa.

Idan an gama ɗauri sai a sauka a kunna tukunya, a hau a jira. Tururi yakan ɗauki minti ashirin ko fiye kafin ya iso hawa na sama. Za a ji mafitar iska tana huci, bututu ya fara ɗumi, ƙarfe ya yi 'yan ƙananan ƙara yana miƙewa, domin bututu mai tsawon mita 30 yana ƙaruwa da kusan santimita 3 tsakanin sanyi da zafin tururi, kuma sabuwar mahaɗar tana cikin abin da zai ɗauki wannan motsi. Ƙaramin yoyon tururi ido ba ya ganinsa, shi ya sa ake zagaya mahaɗun uku da ɗan madubi mai sanyi, inda ya yi hazo nan ne. Babban noti yakan so a ɗan ƙara masa bayan ya yi zafi ya huce sau biyu ko uku, don haka mai aikin kirki yakan dawo bayan kwana biyu. A wannan dawowar yana duba bawul, sannan ya sauka hawa ɗaya ya ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ke ƙasa, ya nemi izinin shiga, ya haska kusurwar silin da ke daidai ƙarƙashin gwiwar, ya shafa filastar da bayan hannu ya ji ko da danshi.